Shawara: In Koma Kamfen Ko In Ci Gaba Da Neman Aikin NGO?

Assalamu alaikum. Shekaruna 28, ina zaune a Kawo, nan Kaduna. Na karanta ilimin zamantakewa a jami'a, na gama hidimar ƙasa a 2021. A zaɓen 2023 ni na riƙe shafin Facebook da rukunonin WhatsApp na wani ɗan takarar majalisa. Wata takwas ina yi, alawus na wata uku kawai na gani, bayan zaɓe kuma waya ta daina shiga. Yanzu wani babba a tafiyar ya sake kirana, wai in zo in jagoranci yaran soshiyal midiya na 2027, naira dubu 150 a wata, da alƙawarin muƙami in an ci. Ni kuwa burina aikin ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje. Na tura CV ya fi sau 40, ko intabiyu ba a taɓa kirana ba. Wani ya ce in kawo dubu 300 zai sama mini gurbi. Mahaifina kuma ya ce siyasa ba sana'a ba ce. Zan iya haɗa biyun? In ba zai yiwu ba, wanne zan kama?

Ɗan'uwanku daga Kawo

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Mu fara kawar da maganar dubu 300, don ita ce mai gaggawa. Kada ka ba shi ko sisi. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suna rubutawa ɓaro-ɓaro a tallan aikinsu cewa ba sa karɓar kuɗi a kowane mataki na ɗaukar ma'aikaci, manyan ƙungiyoyin agaji ma haka. Ɗaukar mutum ɗaya a irin waɗannan wurare kwamiti ne ke yin sa: a tace takardu, a yi gwaji a rubuce, mutum uku ko huɗu su zauna intabiyu kowa da takardar makinsa, sannan a kira waɗanda ka ba da sunansu a matsayin masu shaidarka. Mutum ɗaya ba shi da gurbin sayarwa. Abin da za ka samu in ka biya shi ne wasiƙar ɗaukar aiki mai tambari, da umarnin ka ƙaro wani abu na "horo a Abuja", daga nan layinsa ya mutu. Ka duba adireshin imel ɗin da duk wani tayin aiki ya fito. In na Gmail ne alhali ana kiran sunan babbar ƙungiya, ka san da wa kake magana.

Sai batun CV 40 da ba amsa. Wani ɓangare na abin ba laifinka ba ne, kasuwar ce ta tsuke. A ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Trump ya dakatar da tallafin da Amurka ke ba ƙasashen waje, kafin tsakiyar shekarar an soke mafi yawan shirye-shiryen USAID, hukumar ba da tallafi ta Amurka, an mayar da ragowar ƙarƙashin ma'aikatar harkokin wajensu. A Fabrairun shekarar kuma Birtaniya ta sanar za ta rage nata tallafin daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasarta kafin 2027, ga shi Kaduna, Kano da Jigawa sun daɗe suna cikin jihohin da Birtaniya ta fi zuba shirye-shiryenta na mulki, lafiya da ilimi. Ma'ana, gurbin ƙaramin jami'i da kake nema yau, akwai wanda ya yi shekara goma a fagen, aikinsa ya tsaya, shi ma yana layi. Ka kuma cire wa ranka cewa aikin NGO aiki ne na dindindin. Kwantiragi ne na shekara ɗaya ko biyu, rayuwarsa ɗaure da kuɗin mai ba da tallafi. Motar nan fara mai dogon eriya da kake gani a Unguwar Rimi, direbanta da wanda ke kujerar baya duk sun san ranar da takardarsu za ta ƙare.

Duk da haka fagen bai mutu ba. UNICEF tana da ofishi a Kaduna. Kuɗin Bankin Duniya na shigowa ta hannun gwamnatin jiha, kamar shirin AGILE na karatun 'yan mata wanda Kaduna na cikin jihohin farko da suka shiga. Akwai Gidauniyar Gates, akwai Global Fund da Gavi a ɓangaren zazzaɓin cizon sauro da rigakafi. Abin da ya sauya shi ne masu kuɗin sun ƙara tsananta tambaya: me aka yi da abin da muka bayar, ina shaida? Wanda ya iya amsa wannan tambayar da lambobi masu tsafta shi ne na ƙarshe da ake sallama. A nan nake so ka kafa ƙafarka, don sana'ar da ke hannunka ta fi kusa da wannan fiye da yadda kake zato.

Ɗaya ɓangaren kuwa naka ne. Ina kyautata zaton CV ɗaya kake turawa ko'ina, an rubuta digiri, hidimar ƙasa, da "mai kula da soshiyal midiya". Mai tace takardu yana da ɗaruruwa a gabansa, kuma jerin sharuɗɗan tallan ne a hannunsa yana yi musu alama ɗaya bayan ɗaya. In tallan ya ce shekara biyu a aikin tattara bayanai da sanin KoboToolbox, manhajar cike fom a waya, bai gan su a shafin farko ba, ya wuce. Neman aiki biyar da ka cika sharuɗɗansu, kowanne ka gyara masa CV da wasiƙarsa, ya fi arba'in na watsa-ka-gani. CV kada ya wuce shafi biyu. Cire hoto, addini da sunan ƙabila. Kowane aiki da ka yi ka rubuta shi da adadi: rukunoni nawa ka tafiyar, mutum nawa ke ciki, rahoto nawa kake haɗawa a mako. Ka sa harsunan da kake ji, don a jihar nan wanda ya haɗa Hausa da Fulatanci, ko Gbagyi, ko Adara, ko Tyap, ko Jju, yana da abin da mai digiri na biyu daga Legas ba shi da shi.

Sashen da nake ba ka shawarar ka nufa shi ne wanda 'yan fagen ke kira M&E, wato bibiyar aiki da auna sakamakonsa. Kayan aikinsa kaɗan ne kuma ana koyonsu kyauta. Na farko Excel, amma ba shigar da suna da lamba kawai ba: ka iya tace bayanan da suka maimaitu, ka haɗa tebur biyu da VLOOKUP, ka fitar da taƙaitawa da Pivot Table cikin minti biyar, domin gwajin da ake yi kafin intabiyu yawanci wannan ne, a ba ka fayil mai datti a ce ka fitar da amsa cikin awa ɗaya. Na biyu KoboToolbox ko ODK. Ka buɗe asusu, ka gina fom da kanka, ka sauke KoboCollect a wayar Android, ka ga yadda take aiki ba intanet sai an dawo gari a tura. Na uku, in harkar lafiya kake so, DHIS2, manhajar da asibitocin gwamnati ke shigar da rahoton wata-wata. Masu ita suna da darasin farko kyauta a intanet. Ka ƙara da darasin kare yara da mata daga cin zarafin ma'aikatan agaji, ana samunsa kyauta a dandalin Agora na UNICEF ko Kaya, kuma kusan ba intabiyun da ba a tambaya a kai. Power BI, na zana jadawalin bayanai, ya biyo baya, kada ka fara da shi.

Satifiket kaɗai ba ya sa a kira ka, sai an ga abin da ka yi da shi. Don haka ka yi ƙaramin aiki naka na kanka. Misali ka zaɓi makarantun firamare goma a mazaɓarku, ka nemi izinin shugabannin makarantun da mai unguwa, ka gina fom mai tambaya goma sha biyar: ajujuwa nawa, nawa ke da rufi, akwai ruwa, banɗaki nawa ke aiki, yara nawa a rajista, nawa suka zo yau. Ka zaga cikin mako biyu, ka fitar da rahoto shafi uku da jadawali biyu da taswira. Wannan rahoton, in ka liƙa shi a wasiƙar neman aiki, ya fi satifiket biyar magana. A nan ne kuma za ka ci karo da abubuwan da ke ɓata aikin fili tun kana kai kaɗai. In ba ka sa wa gurbin shekaru iyaka a fom ba, sai ka tarar da yaro ɗan shekara 250 saboda yatsa ya zame. In ba ka tsara tsallake tambaya ba, za a tambayi makarantar da ba ta da rijiya ko ruwan rijiyarta na da tsafta. In ka bar tambayar da Turanci kowa ya fassara a bakinsa, mutum biyar za su yi tambaya biyar daban. Shi ya sa ake rubuta fassarar Hausa a cikin fom ɗin tun farko. Kalma ɗaya kamar "gida" ta isa ta rushe ƙidaya, don a unguwanninmu ƙofa ɗaya na iya ɗauke da tukunya huɗu, su kuwa masu binciken waɗanda ke ci daga tukunya ɗaya suke nufi. Akwai kuma tsohuwar cuta, mai tattara bayanai ya zauna gindin mangwaro ya cike fom ashirin. Fom na ɗaukar wurin da aka tsaya da lokacin farawa da gamawa, mai dubawa zai ga hira ashirin a wuri guda, kowace minti uku. Wanda aka kama da wannan sunansa ya gama yawo a ofisoshin garin kafin ya kai gida.

Ƙofar shiga ta gaskiya ƙarama ce. Aikin kwana goma ko ashirin na tattara bayanai, rabon gidan sauro, zagayen rigakafin shan inna, rabon maganin zazzaɓi na damina da ake ba yara 'yan wata 3 zuwa 59. Ana ɗaukar mutanen irin wannan aikin ta sashen lafiya na ƙaramar hukuma da hukumar lafiya matakin farko ta jiha, wasu kuma ta ƙananan ƙungiyoyin gida da manyan ke ba kwangila. Ka je da ƙafarka ka gabatar da kanka ga jami'in M&E na ƙaramar hukumarku, ka ce ka iya Kobo kuma kana da waya da fawa bank. Daga mai tattarawa ake zama mai duba tawaga, daga nan mataimakin jami'in bayanai. Kowane aiki ka gama, ka karɓi takardar shaida da lambar wanda ya duba ka, su ne masu shaidarka gobe. Tallan manyan gurabe kuma ka bi su a ReliefWeb, da shafin masu aikin sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, da shafukan ƙungiyoyin kansu. In ranka na son karatu a waje daga baya, tallafin Chevening na Birtaniya yana neman shekara biyu na aiki, awa 2,800, kuma aikin sa-kai na shiga lissafi, don haka ka riƙa rubuta ranaku da awannin duk abin da ka yi.

Yanzu tambayarka ta ainihi, ko za a haɗa biyun. A lokaci guda, da suna guda, ba za su haɗu ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Ƙungiyar agaji tana shiga gari ne da amanar cewa ba ta da ɓangare. Ka ɗauka an tura ka Kajuru ko Zangon Kataf ko Birnin Gwari rajistar waɗanda za a ba tallafi, sai wani matashi ya ɗaga waya ya nuna wa jama'a hotonka da hular jam'iyya, ko wani rubutu da ka yi a 2023 kana yi wa mutanensu shaguɓe. Daga ranar duk wanda sunansa bai fito ba zai ce jam'iyya ce ta hana shi, tawagar gaba ɗaya ta shiga haɗari. Zargi kaɗai ya isa ya rufe ofis: a Satumbar 2019 sojoji sun rufe ofisoshin Action Against Hunger da Mercy Corps a arewa maso gabas, aiki ya tsaya makonni. Shi ya sa suke sa ma'aikaci ya sa hannu a ƙa'idar ɗa'a da takardar bayyana duk wata alaƙa da za ta iya karo da aikinsa, kuma suna leƙa shafukan mutum kafin su ba shi takarda. Ba mamaki wasu daga cikin arba'in ɗin nan a shafinka na Facebook suka tsaya.

Don haka yau da dare ka koma shafinka tun daga 2022 ka karanta shi da idon baƙo. Zagi, habaici kan addini ko ƙabila, labarin da ka yaɗa ba ka tabbatar ba, ka goge su, wanda ya kamata ka nemi afuwa ka nema. Amma kada ka ɓoye cewa ka yi kamfen. In an tambaye ka, ka faɗa: na yi wa ɗan takara aikin sadarwa wata takwas, ya ƙare a Maris 2023, ba ni da muƙami a jam'iyya. Tsohon aikin siyasa da aka bayyana ana iya wucewa da shi. Wanda aka ɓoye aka gano daga baya shi ke kore mutum.

To tayin dubu 150 fa? Ban ce siyasa ƙazanta ba ce, kuma a nan zan ɗan saɓa wa Baba cikin ladabi. Tsara kamfen ta intanet sana'a ce ta gaske. Abin da aka kira ka ka yi ne ba sana'a ba. Jagorancin yaran soshiyal midiya, yadda aka saba yin sa a nan, shi ne raba kuɗin data, tura hoto ɗaya rukuni hamsin, da tare duk wanda ya taɓa oga a yi masa ca. Sojan baka ne aka mayar cikin waya. Ka yi wata goma sha biyar a haka, ba abin da za ka rubuta a CV, ga abokan gaba da ka tara da sunanka na yanka, shi kuwa oga gobe ya sauya sheƙa ya rungumi wanda ka zaga.

Ga yadda aikin gaske yake. A zaɓen gwamna na 18 ga Maris 2023, Uba Sani ya samu ƙuri'a 730,002, Isa Ashiru ya samu 719,196. Tazarar 10,806 ce, a jihar da ke da rumfunan zaɓe 8,012. Raba ka gani: bai kai ƙuri'a biyu a kowace rumfa ba. Masu rajista sun haura miliyan 4.3, amma ƙuri'un manyan 'yan takarar biyu a haɗe ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Wanda ya fahimci waɗannan lambobin ya san yawan masu danna "like" ba ya cin zaɓe. Mai tsara kamfen na gaske yana zama da sakamakon zaɓen baya rumfa-rumfa, ya raba su uku: inda muke da ƙarfi amma mutane ba sa fitowa, inda ake kankankan, da inda ba mu da rabo. Kuɗi da lokaci na tafiya kashi biyun farko. Ya gina rajistar magoya baya da yardarsu, suna, lamba, mazaɓa, rumfa, ko katin zaɓe na hannu. Ya gwada saƙo biyu a kan ƙananan kuɗi kafin ya zuba manya. Ranar zaɓe kuma ya tabbatar kowane ejan ya ɗauki hoton takardar sakamako ta EC8A bayan an sa hannu, ya turo, a tattara a tebur guda a gwada da abin da INEC ta ɗora a IReV, shafinta na sakamakon zaɓe. Ka lura, fom, tebur, tacewa da rahoto ne, kayan aikin M&E ɗin nan dai da na lissafa maka.

Akwai ƙananan abubuwa da ke kayar da sababbi. Meta ba ta barin a saka tallan siyasa a Facebook da Instagram sai an tantance mutum da katin shaida, an sa sunan wanda ya biya a jikin tallan, kuma tallan na zama a rumbunsu shekara bakwai kowa na iya dubawa. Tantancewar na ɗaukar kwanaki, wanda ya bari sai makon zaɓe ya makara. TikTok ba ta karɓar tallan siyasa na kuɗi ko kaɗan. A WhatsApp, jerin watsa saƙo mutum 256 yake ɗauka, kuma ba ya isa ga wanda bai ajiye lambarka ba. Tura saƙo barkatai ga baƙin lambobi shi ke sa a rufe layi ana tsakiyar kamfen. Bidiyo mai nauyi ba ya sauka a wayar mai datar naira ɗari biyu a Giwa ko Kubau, saƙon murya na daƙiƙa arba'in da Hausar wurin ya fi shi tafiya. Kada kuma waya ta rufe maka ido daga rediyo, a garin da Rediyon Tarayya ya yi shekaru yana tashin Arewa da safe. Mai tsari yakan yanko minti ɗaya daga hirar rediyo ya zuba a WhatsApp, ɗaya na ciyar da ɗaya.

In za ka karɓa, ka koma wurin babban nan da sharuɗɗa, a rubuce, shafi ɗaya ya isa. Teburin bayanai da tsara saƙo za ka riƙe, ba rundunar zagi ba. Ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, yarjejeniyar ta kasance tsakanin kamfaninka da kwamitin kamfen. Kuɗin wata a biya a farkonsa, ko aƙalla rabi, kuma in an tsallake wata ɗaya aiki ya tsaya. Ka riga ka ga yadda bashin kamfen ke ƙarewa, ranar da aka faɗi sakamako ya zama tarihi, an ci ko an faɗi. Kuɗin talla daban, ladanka daban, kuma tallan ya fita daga shafin ɗan takara da katinsa. Kada ka yarda a riƙa zuba miliyoyi a asusunka kana rarraba wa yara, ranar da masu bincike suka bi sawun kuɗin sunanka za su tarar. Shafinka na kanka ba ya cikin cinikin. Alƙawarin muƙami kuwa ka lissafa shi sifiri, romon baka ne har sai ka ga takarda, in ma ta zo da wa'adin mai gidan take tafiya.

Sannan ka faɗa masa tun yanzu abin da ba za ka taɓa ba: asusun bogi, hoto ko murya da aka haɗa da kwamfuta aka jingina wa wani, da duk saƙon da ke tunzura Musulmi kan Kirista ko Kirista kan Musulmi. Dokar zaɓe ta mayar da kamfen da addini ko ƙabila laifi, sashe na 24 na dokar laifukan intanet ya sha kai masu rubutu a Facebook gaban kotu, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta hau kan mai tara lambobin mutane ba da yardarsu ba. A Janairun 2023 binciken BBC ya nuna yadda jam'iyyu ke biyan masu yawan mabiya a ɓoye don yaɗa ƙarya kan abokan hamayya, don haka za a kawo maka irin wannan tayin, kada ka yi shakka. Amma ko babu doka, kai ɗan Kaduna ne. Bayan zaɓen 2011 Human Rights Watch ta ƙidaya fiye da mutum 800 da aka kashe a Arewa cikin kwana uku, kuma jihar nan ce ta fi kowace zubar da jini, ka tambayi mutanen Zonkwa da Kafanchan. Lokacin ma wayoyin ba su kai na yau ba. Saƙon da ka rubuta a ɗaki a Kawo kana dariya, ba ka san a bakin wa zai faɗa a Maraban Rido ba.

Hasashena shi ne da ka karanta masa waɗannan sharuɗɗan zai ce ka cika tsari, ya nemi wani. In haka ta faru ka samu amsarka ba tare da ka ɓata da kowa ba, ka yi masa godiya ka kama hanyar da na zana maka, wadda ita ce zaɓina gare ka tunda can zuciyarka take. In kuma ya amince, ka shiga da sanin cewa ka jingine neman aikin agaji har bayan zaɓe da 'yan watanni, kuma wasu ƙofofin za su daɗe ba su buɗe ba, musamman na masu sa ido kan zaɓe irin Yiaga Africa, waɗanda ke sa masu aikinsu rantsuwar ba su da jam'iyya.

Akwai fage na tsakiya da ya dace da mai son siyasa wanda ba ya son hular kowa. Tracka ta BudgIT da Follow The Money suna bin ayyukan da aka sa a kasafi su ga ko an yi su, Dubawa na tantance labaran ƙarya har da Hausa, CITAD a Kano ta daɗe tana bibiyar kalaman ƙiyayya a intanet. Wanda ya taɓa zama cikin rukunonin kamfen ya san yadda ƙarya ke tashi da ƙarfe goma na dare ta game gari kafin asuba, kuma wannan sani ne da suke buƙata. Ɗan rahoton makarantu goma da na ce ka yi, irin aikinsu ne sak, kana iya tura musu shi kai tsaye.

Shi kuma Baba, kada ka tsaya gardamar ko siyasa sana'a ce. Ka zauna da shi bayan sallar isha'i ka nuna masa abin da ka tsara na wata shida: wata biyu na Excel da Kobo, wata ɗaya na zagayen makarantu, sauran na neman aikin fili da tura takardu biyar-biyar. In dubu 300 ɗin nan tana hannu ko shi zai ba ka, ka ce a saya maka kwamfutar hannu ta biyu mai ƙwaƙwalwar 8GB, da fawa bank, ragowar a ajiye na data da kuɗin Keke. Ka roƙe shi kuma ya haɗa ka da mai unguwa, don ta bakinsa za ka fi saurin samun izinin shiga makarantar farko.